Kujerar Bayan Kyaftin

Shafi na 31

Masu cika min waya da saƙo tun da sanyin safiya, duk na gan ku. Wata ma cewa ta yi in ban sako wannan shafin ba kafin ta gama wanke-wanke za ta fice daga gurup ɗin. Yi zamanki 'yar uwa, ga shi nan. Sababbin shigowa kuma ga inda muka kwana: Kyaftin ɗinmu tana zaune a ɗakin tuƙi, saura minti arba'in ta tashi zuwa ƙasar da aka kwantar da Ummanta a asibiti. Gobe da safe za a yi wa Umman aikin zuciya. Jirgi ya cika maƙil. Sai ga mahaifinta a bakin ƙofa.

*

Ban juya ba na san shi ne.

Turarensa ne ya riga shi shigowa. Turaren nan dai da nake shaƙa a jikin rigarsa tun ina firamare, wanda Umma take cewa ko masu yin sa sun manta da shi, Abba ne kaɗai ya rage yana saye.

Ya ƙwanƙwasa jikin ƙofar sau biyu, alhali a buɗe take.

"Salamu alaikum. Kyaftin, izini nake nema."

Dogo, mataimakina, ya zabura zai miƙe, kansa ya daki rufi, ƙum! Shekara uku yana tuƙa irin jirgin nan, har yau bai yarda ya fi ɗakin tsayi ba.

"Ranka ya daɗe! Kai ne da kanka? Shigo mana, shigo!"

"Ba kai na tambaya ba, Dogo. Zauna kafin ka fasa wa mutane jirgi."

Na juyo da kujerata.

Yana tsaye ƙyam cikin yunifom ɗinsa, guga ta kwanta kamar yau aka ɗinka, zare huɗu a kowace kafaɗa. Hularsa a hammata. Shekara sittin da uku, amma ko tumbi babu. Takalminsa kuwa kana iya gyara ɗaurin wuyanka a jikinsa.

"Abba, don Allah ka shigo. Wane irin izini kuma?"

"A gida nake Abbanki. Nan ɗakinki ne."

"Kai, Abba."

"Kyaftin, ni matuƙi ne a kamfanin da kuke da yarjejeniya da shi. An ce min babu kujera ko ɗaya a baya. Ina roƙon ki ɗauke ni a kujerar nan, in babu damuwa."

Haka ya jero ta, kalma bayan kalma, kamar bai taɓa goya ni a wuyansa ba.

Ga wanda bai sani ba, a bayan kujerun matuƙa biyu akwai wata 'yar kujera da ake naɗewa a jikin bango. Mu kujerar baya muke ce mata. In jirgi ya cika, matuƙin da yake bakin aiki yana iya neman a tafi da shi a kanta. Amma ba tikiti ba ce, ba kuma gadon kowa ba. Sai ka tako da ƙafarka, ka cire hula, ka tsaya a bakin ƙofa ka roƙi kyaftin, ka miƙa lasisinka da takardar lafiyarka ya karanta da idonsa. Dalili kuwa, wanda ya zauna a nan ba fasinja ba ne. Cikin matuƙa ake sa shi. In wani abu ya sami ɗayanmu a sama, shi zai karɓa. Tun da kuma tafiyar ƙetare ce, dole sunansa ya shiga takardar ma'aikatan jirgi da ake tura wa hukumar can kafin mu sauka, da sa hannuna a ƙasa.

Na ce, "Bismillah, Kyaftin. Shigo."

Sai a lokacin ya tako.

Ya kai hannu ya shafa kujerar a naɗe, kamar mai gaisawa da tsohon aboki.

"Sun ƙara mata laushi. Ta zamaninmu katako ce aka yi wa riga."

Dogo ya tuntsire da dariya.

Ni kuwa na san wadda yake nufi.

Shekarata tara ranar da na fara zama a irinta. A lokacin ƙofar ɗakin tuƙi ba ta da wannan uban makulli, kyaftin yana iya kiran 'yarsa ta zo ta zauna a bayansa ba wanda zai ce masa don me. Ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa. Abba ya ɗaura min bel da kansa, ya ɗora min abin sauraro a kai, ya yi min yawa har yana sauko min kan hanci. Wani tsohon injiniya mai furfura yana ta cusa min biskit a aljihu. Da muka huda gajimare rana ta buge mu, ihu na yi, na ce Abba mun fito! Duk suka yi dariya. Sau uku Umma tana aiko wa daga baya a ce in zo in ci abinci, sau uku ina cewa a gaya mata ina aiki.

Daga ranar ban sake son zama komai ba a duniya.

"Kin tuna injiniyan nan mai biskit?" in ji Abba, kamar ya leƙa zuciyata.

"Na tuna."

"Ya rasu bara. Har ya kwanta ciwo yana tambayata ina 'yar nan mai aiki."

"Allah ya jiƙansa."

"Amin. To, Kyaftin, ga takarduna."

"Haba ranka ya daɗe," in ji Dogo, "kai za a duba wa takarda? Kai fa ka koya wa rabin mutanen filin nan tuƙi. Ni kaina sau biyu ka kayar da ni a jarrabawa."

"Da na san haka za ka koma da na yi na uku."

Na yi murmushi, na miƙa hannu.

Ai ko Dogo bai sani ba, ni na sani. Ina sabuwar matuƙiya na taɓa zuwa neman kujerar nan a jirgin Abba, na manta takardar lafiyata a aljihun wata jaka a gida. Na ce Abba ai ka san lafiyata ƙalau, tare muka karya. Ya ce Kyaftin bai karya da kowa ba. A bakin gadar shiga jirgi ya bar ni ina kuka da majina, jirgi ya tashi. Kwana biyu Umma ba ta yi masa magana ba, shayinsa ma shi ya dinga haɗa abinsa. Da ya gaji ya kira ni ya ce, Mamana, duk wanda zai zauna a bayanki, ki karanta takardarsa layi-layi, ko ni ne.

Ya zaro baƙar jakar fatarsa ta aljihu, wadda gefenta ya cinye.

Ya miƙo fasfo. Na duba, da biza a ciki.

Ya miƙo lasisi. Na duba.

Ya laluba, ya zaro wata takarda a ninke huɗu, ya miƙo.

Na warware.

Layin farko na karanta, na tsaya.

Na sake karantawa.

Tambarin likitan hukuma ne a sama, daidai. Sunan Abba ne, daidai. Amma ba takardar lafiya ba ce. Wasiƙa ce. An dakatar da shi daga tuƙi har sai abin da hali ya yi. Dalili: tsakiyar ganinsa tana mutuwa, a ido biyun. Kwanan watan da ke jiki, wata huɗu da suka wuce.

Dogo ya leƙo ta kafaɗata da raha a bakinsa. Na ji lokacin da rahar ta tsaya.

"Abba."

"Na'am, Kyaftin."

"Wannan wace takarda ce?"

"Ta lafiya mana. Saura mata wata guda da kwana tara. Duba ƙasa ta hannun dama."

Ko ɗar bai yi ba. Fuskarsa a sake, har da ɗan murmushi.

Sai a lokacin na gane. Bai san abin da ya miƙo min ba. Takardun biyu kalarsu ɗaya, ninkinsu ɗaya, a aljihu ɗaya suke kwana.

Na mayar masa da ita.

"Karanta min layin farko."

"Wane irin wasa ne wannan?"

"Kyaftin ce ta ce ka karanta."

Ya karɓa. Ya matso da ita kusa da fuskarsa. Ya janye ta nesa. Ya karkatar da kai gefe yana kallon ta da wutsiyar ido, irin kallon da kwanakin nan nake gani yana yi wa agogon falo ina ɗauka tsufa ne.

Yatsansa ya bi ta kan tambarin, ya sauko, ya tsaya.

Na ga lokacin da kafaɗunsa suka sauka.



"Dogo," in ji shi a hankali, "ba mu wuri."

"Dogo ba zai fita ba," na ce. "Yana bakin aiki. Kuma ya riga ya gani."

Dogo ya sunkuyar da kai yana danne-dannen abin da bai buƙaci a danna ba.

"Tun yaushe, Abba?"

"Ai kin karanta."

"Da bakinka nake son ji."

Ya jingina da bango, ya sauke numfashi.

"Wata rana muna sauka da rana tsaka, sararin sama fes. Na kalli titin jirgi, na ga gefe da gefe, tsakiyar babu. Kamar an ɗiga mai a kan hoto. Na ce wa mataimakina karɓi. Ya karɓa ya sauke mu, ya ɗauka gwada shi nake. Washegari na kai kaina wajen likita."

"Kai ka kai kanka?"

"To wa zai kai ni? Mutum ɗari biyu ne a bayana."

"Amma kullum kana fita! Ina zuwa gida ina tarar da Umma tana goge maka yunifom. Ranar nan ma ce min ka yi kana da tashin safe."

"Ina fita."

"Zuwa ina?"

"Akwai wani mai shayi a bayan rumbunan kaya, inda tsofaffin makanikai suke zama. Nan direba yake ajiye ni. In yamma ta yi ya mayar da ni. In tafiyar kwana ce a jadawalin da na rubuta wa kaina, in kama ɗaki a masaukin ma'aikata. Kamfani hutun jinya suka ba ni, ba su karɓi katina ba."

"Wata huɗu, Abba?"

"Wata huɗu da kwana shida."

Wallahi ban san lokacin da hawaye suka zubo min ba. Haushi nake ji, tausayi nake ji, kunya nake ji. Ni da nake taƙamar daga nisan mil goma ina hango fitilar titi, ubana yana makancewa a gabana ban gani ba.

"Shi ya sa ba ka bi Umma ba," na ce. "Ka ce kamfani sun hana ka hutu. Ka bar Auta ya tafi da ita shi kaɗai. Har faɗa na yi da kai a waya, na ce aiki ya fi maka matarka."

"Kin faɗa."

"Me ya sa ba ka ce komai ba?"

"Likitanta ya ce kada a bari wani abu ya girgiza ta. In na bi ta na zauna mako uku a gefen gadonta, kin san uwarki. Za ta ce wa ya ba ka wannan hutun? Za ta ce miƙo min maganin can, in miƙo mata wani. Kwana biyu ya ishe ta ta gano ni. Na ce bari in bari sai ana jibi aikin in je, in yi kwana uku kamar mai hutun gaske. To jiya suka kira suka ce ba za a kai wata mai zuwa ba, jibi ne, wato gobe ke nan."

Aka taɓa ƙofa. Anti Babba ce, shugabar ma'aikatan cikin jirgi, wadda ta yi shekara goma tana tashi da Abba kafin ta dawo kamfaninmu. Ta kalle ni, ta kalle shi, ta ga idona.

"Lafiya?"

"Anti, babu wanda ya fasa?"

"Ko mutum ɗaya. Na ƙirga da kaina. Na sa an yi sanarwa sau biyu a waje ko akwai mai haƙura ya bi na jibi, kowa ya kawar da kai. Masu jiran tsammani ma goma sha huɗu ne a gabansa."

"Kujerunku fa?"

"Ɗalibai biyu nake da su yau, duk sun cike. Ai ga kujerarsa nan, me ake nema kuma?"



"Sauran kamfanonin fa?" na tambayi Abba.

"Na zaga tun safe. Wanda zai bi ta wata ƙasa sai gobe da la'asar zai isa. Ita kuma ƙarfe takwas za su shiga da ita."

Anti ta sake kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Mace ce mai hankali. Ta ja ƙofar ta fita ba ta ƙara ko kalma ba.

Abba ya sake buɗe jakar fatar. Ya zaro ɗaya takardar. Wannan karon ya shafa ta sosai kafin ya miƙo.

"Ga wadda na yi niyyar ba ki."

Ban karɓa ba.

"Kwanan watanta bai ƙare ba. Duk wanda ya duba zai ga daidai take. Da ita na miƙo tun farko, da yanzu ina zaune na ɗaura bel, ke kuma ba ki da laifin komai."

"Amma ba ita ka miƙo ba."

"Kuskure ne."

"Na riga na karanta, Abba."

"Mamana."

Tun da ya shigo sai yanzu ya kira ni da sunan da yake kirana a gida. Da ma ya ci gaba da cewa Kyaftin, da ya fi min sauƙi.

"Ban taɓa roƙon ki ki yi ƙarya ba. Ban taɓa roƙon kowa ba. Awa bakwai ce kawai. Zan zauna in naɗe hannuna, ko tari ba zan yi ba."

"Kyaftin," in ji Dogo, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ni fa ban ga komai ba. Wallahi idona yana kan na'ura."

Na nuna masa ɗan ƙaramin makirfon da ke saman kanmu, mai naɗar duk abin da aka faɗa a ɗakin tuƙi.

"Wannan fa? Shi ma idonsa yana kan na'ura?"

"Ai kafin mu je mu dawo sabon zance ya hau kansa. Ba mai saurara sai in wani abu ya faru."

"To ai saboda wani abun aka yi kujerar."



Na juya wajen Abba.

"In na rubuta sunanka, na gaya wa hukumar ƙasa biyu cewa ina da matuƙi na uku mai lafiya. In Dogo ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar teku, kai zan ce wa zauna ka karanta min na'ura. Za ka iya?"

Ya kawar da kai, na ci gaba.

"In aka gano, lasisina ya tafi. Na Dogo ma ya tafi, ga matarsa da tsohon ciki. Kai kuma shekara talatin da tara da ka yi ba a taɓa rubuta maka ko gargaɗi ba, da wannan za a rufe fayil ɗinka."

"Na san duk wannan. Ni na koya miki."

"To me ya sa kake sa ni a tsakiya?"

"Saboda matata ce."

Ya faɗe ta a sanyaye, ba ɗaga murya.

"Ranar da aka haife ki ina sama. Ranar da aka haifi Auta ina sama. Ranar da mahaifinta ya rasu ina wata ƙasa ina jiran a gyara injin. Ba ta taɓa yi min ƙorafi ba, sai dai ta ce Allah ya sauke ka lafiya. Yau da ba ni da jirgi, ba ni da uzuri, yau ma a ce ba na nan?"

Wayata ta yi ƙara a gefen kujera. Auta ne ya turo saƙon murya. Ban yi tunani ba na danna, na ɗauka labarin likita ne.

Muryar Umma ce ta cika ɗakin. Ta yi rauni, amma tsiyar tana nan.

"Ƙaramar Kyaftin, an ce Babban yana wajenki. To ki riƙe min shi da kyau kada ya zille ya ce an kira shi aiki. Ki tambaye shi ya ɗauko min baƙin gyalena mai laushi? Na san ya manta. Likitocin nan sun kawo min wata takarda wai in sa hannu, na ce su ajiye, sai mijina ya zo ya karanta min, ni ban yarda da ƙananan rubutun nan ba. Shekara talatin da takwas ina jiran saukar mutumin nan, na kwana ɗaya ba zai gagare ni ba. Ki tuƙo min shi a hankali. Allah ya yi miki albarka."

Saƙon ya ƙare.

Abba ya juya fuskarsa bango.

Ni dai a rayuwata ban taɓa ganin bayansa yana rawa ba sai yau.

"Na ɗauko gyalen," ya ce, ba tare da ya juyo ba. "Ban manta ba."

Aka sake ƙwanƙwasawa. Mai takardu ne, da rigarsa mai ƙyalli da allo a hannu, yana haki.

"Kyaftin, an gama lodi, fasinja duk sun zauna. Saura sa hannunki in tura sunaye. An ce min akwai mai kujerar baya. Mutum nawa ne a gaba, biyu ko uku?"

Na kalli allon.

Na kalli kujerar a naɗe a jikin bango.

Na ga wata yarinya da abin sauraro har kan hanci, aljihunta cike da biskit.

"Kyaftin? Saura minti goma sha biyu, in muka wuce za su ba wani layinmu."

"Biyu," na ce.

Muryar ma ba tawa ba ce.

Ya rubuta, ya miƙo, na sa hannu. Ya fice da gudu.

Abba ya juyo. Ya mayar da takardunsa cikin jaka ɗaya bayan ɗaya. Ya ciro gyalen daga jakar hannunsa, a ninke cikin leda, ya ajiye a gefen kujerata. Ya gyara ɗaurin wuyansa. Ya ja da baya har bakin ƙofa, daidai inda ya tsaya da farko, sannan ya sa hularsa.

"Na gode, Kyaftin. Allah ya sauke ku lafiya."

Abin da ake faɗa ke nan, ko an ɗauke ka ko an hana ka.

"Abba..."

"Daidai kika yi. Kada ki tashi da kuka, ki sha ruwa. Dogo, ka kula da ita."

"In sha Allahu, ranka ya daɗe."

Ya juya zai tafi, ya tsaya.

"Mamana, kada ki gaya mata dalili. Ki ce aiki ne ya riƙe ni. Ta saba jin wannan. Takardar kuma ke ki karanta mata."

Na ji takunsa a kan gada, a hankali, hannunsa yana bin bango.

Na ji Anti ta rufe babbar ƙofa.

Na sha ruwan kamar yadda ya ce. Na goge fuskata. Na ce wa Dogo mu karanta jerin dubawa. Yana karantowa ina amsawa, ban tsallake ko ɗaya ba, amma in za a yanka ni ban san me nake cewa ba.

Gada ta fara janyewa daga jikin jirgi.

Muryar ma'aikacin da ke ƙasa kusa da jirgi ta shigo kunnena. "Kyaftin, motar tura jirgi ta kama. In kin shirya a saki birki."

Na kai hannu.

"Kyaftin," in ji Dogo. "Dubi hagunki."

Na ɗaga kai.

Ta cikin gilashin ɗakin jira na hango shi. Fasinjojin wani jirgin suna ta kai da kawo a bayansa, shi kuwa ya matso jikin gilashin, ya haɗe ƙafafu, ya miƙe ƙyam. Ya ɗaga hannun dama zuwa bakin hularsa, ya sara.

Amma ba mu yake kallo ba.

Jirgin da ke ƙofa ta gaba da mu yake sara wa. Wani jirgi da aka ajiye tun safe, ba kowa a cikinsa, an toshe bakin injinansa da jan murfi.

Ya tsaya a haka bai sauke hannun ba, yana jiran 'yarsa ta tashi.

"Kyaftin, kina ji na? A saki birki?"

Na janye hannuna.

Na danna maɓallin magana.

"Kada ku tura. A dawo min da gada."

Dogo ya damƙi hannun kujerata. "Kyaftin, lasisinki fa!"

"Kuma a ce wa mai takardu kada ya tura sunayen nan. Ya zo da allonsa."